Ƙurajen Balaga: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Iyaye maza da mata, da ku kakanni da gwaggwanni masu riƙon yara, wannan ɗan littafi naku ne. In akwai yaro ko yarinya a gidanku mai shekara 12 zuwa 20, wataƙila kun riga kun ga abin da za mu yi magana a kai. Fuskar da take sumul bara, bana ta soma maiƙo. Ƙananan ƙuraje sun fito a goshi, da kumatu, da haɓa, wani lokaci har ƙirji da baya. Wasu baƙin kai gare su, wasu fari, wasu kuma sun kumbura sun yi mugunya.

Ga abin da muke so ku riƙe tun daga farko. Yawancin fuskokin matasa da muke gani sun lalace a asibiti, ba ƙurajen ne suka lalata su ba. Abin da aka shafa ne, da matsar da aka yi, da gorin da ya tura yaro kasuwa neman magani shi kaɗai. Ƙurajen balaga suna da magani, amma maganin yana son wata uku na haƙuri, yana kuma son babba ya tsaya kusa da yaron. Aikinku ke nan.

Daga ina ƙurajen suke fitowa?

A fatar mutum akwai ƙananan ramuka inda gashi yake tsirowa. A gindin kowane rami akwai 'yar jaka mai yin mai, don kada fata ta bushe. Idan yaro ya soma balaga, jikinsa yakan ƙara yin wasu sinadarai a cikin jini. Su ne suke sa muryar namiji ta buɗe, gashi ya fito, jiki ya miƙe. Su ne kuma suke sa jakunkunan nan su yi mai fiye da kima. Man ya haɗu da matacciyar fata ya toshe bakin ramin. Idan bakin a buɗe yake, iska takan mai da toshiyar baƙa. Wannan baƙin ba dauɗa ba ne, shi ya sa dirza ba ta fitar da shi. Idan bakin a rufe yake, sai ka ga farin ƙurji. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da take zaune a fatar kowa ba tare da cutarwa ba, amma in ta sami rami a toshe cike da mai, sai ta hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya.

Cikin matasa 10, wajen 8 sukan yi waɗannan ƙuraje. Akwai gado a ciki. In uba ko uwa sun yi su da yawa, ɗansu ma yakan yi. Ba a ɗaukar su daga wani, don haka babu dalilin raba wa yaro kwano ko tabarma.

Maganganun da ya kamata mu daina

A gidajenmu ana faɗin abubuwa da dama game da ƙurajen nan, kuma kowane ɗaya yana da ɓarnar da yake yi.

Ana cewa ƙazanta ce. Yaron da ya ji haka sai ya kama dirzar fuska da soso da sabulun wanki sau biyar a rana. Fata ta ƙone, ƙuraje su ƙaru.

Ana cewa alama ce yaro ya soma bin mata, ko yarinya ta san namiji. Wannan ƙazafi ne. Yarinya mai kamun kai tana yin ƙuraje, marar kamun kai ma tana yi. Ku tuna yadda irin wannan magana take yawo a unguwa, da abin da take yi wa sunan 'yar mutane.

Ana cewa aure ne maganinsu. Abin da ya sa ake zaton haka shi ne, ga yawancin mutane ƙurajen sukan ragu da kansu bayan shekara 20, lokacin da da yawa suke yin aure. Shekaru ne suka rage su. Kada a cire yarinya daga makaranta da wannan hujja.

Ana cewa gyaɗa ce, ko ƙwai, ko man miya. Bincike bai tabbatar da laifin waɗannan ba, kuma yaro mai girma yana bukatar gyaɗa da wake da ƙwai da kifi. Abin da aka ga yana ƙara ƙuraje ga wasu shi ne yawan zaƙi: lemon kwalba, alewa, biskit, shayi mai sukari da yawa. Madara ma tana tayar wa wasu. Ku rage zaƙi, amma kada ku hana yaro abincin da zai gina jikinsa.

Ana cewa sammu ne ko baki. Ciwon da ya kama 8 cikin 10 na matasan duniya ba aikin maƙwabciya ba ne. Kada a ɓata zumunci a banza.

Inda babbar ɓarna take

Ga mai baƙar fata, ƙurji yakan warke cikin kwanaki, amma ya bar baƙin tabo da zai yi watanni. Sau da yawa tabon ya fi ƙurjin damun yarinya. Daga nan matsala take somawa.

Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Yarinya 'yar shekara 15 ta gaji da tsokanar 'yan ajinsu. A gida an ce mata, "Ke dai ba kya wanka." Sai ta tara 'yan kuɗin tallarta, ta bi ƙawa zuwa layin masu kayan shafa. Duk wanda ya shiga kasuwar Arzeke a Parakou, ko babbar kasuwar Djougou, ya ga yadda ake jera su: 'yan bututu cikin kwali, da kwalabe, da robobi marasa suna waɗanda aka haɗa a gida. Mai sayarwa ya ce, "Wannan kwana uku ne, fuska ta yi fes." Kuma a makon farko sai ta ga kamar gaskiya ya faɗa. Kumburi ya kwanta, fata ta yi haske, ƙawaye suna yabo.

Dalilin shi ne, yawancin irin wannan mai yana ɗauke da kotizon mai ƙarfi. A jikin kwalin za ku ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone. Dermovate, da Diprosone, da Funbact-A duka suna da irinsa. Magunguna ne na gaske, likita yakan rubuta su don wasu cututtukan fata, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu. Ba maganin ƙurajen balaga ba ne. Kotizon yana danne kumburi na ɗan lokaci, sa'an nan shi kansa ya haifar da sababbin ƙuraje, ƙanana masu yawa, duka girma ɗaya, a fuska da ƙirji da baya. In ta daina shafawa, fuska ta yi ja, ta yi zafi, ta yi ƙaiƙayi. In ta koma, abin ya lafa. Ta zama baiwar bututu ke nan.

Bayan watanni fata takan yi siriri har a ga jijiyoyi. Nankarwa mai faɗi ta fito a hammata da cinya, kuma ba ta gogewa. Makero da ƙazuwa su sami wurin zama. Rauni ya ƙi warkewa da wuri, abin da yake ba likitoci wahala ranar da za a yi mata aiki ko ɗinki wajen haihuwa. In ana shafa shi a jiki duka shekara da shekaru, yana ratsa fata ya shiga jini, ya kawo hawan jini da ciwon sukari.

Wasu mayukan kuma na bilicin ne tsantsa, abin da a nan Benin ake kira bojou. Akwai mai hidrokinon, wanda ake rubutawa hydroquinone. In an daɗe ana shafa shi, kumatu da goshi sukan yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, wanda ya fi tabon farko muni, kuma da wuya ya tafi. Akwai mai zaiba, wadda ake rubutawa mercure, ko ma ba a rubuta ta sam. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma cutar da jaririn da yake ciki. Ba mu kaɗai muke faɗin wannan ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa hidrokinon cikin kayan kwalliya tun 2001. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayukan bilicin a 2015. A nan gida, a 2017 hukuma ta kai samame wurin masu sayar da magani ba bisa ƙa'ida ba a kasuwar Dantokpa ta Kotonu. Duk da haka kayan suna nan suna yawo, har a kan tire a ƙauyuka ranar kasuwa. Doka ba ta iya shiga ɗakin 'yarku ta duba abin da yake ƙarƙashin katifa. Ku ne za ku iya.

Haka kuma ku kula da ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata suke saye. Da yawansu kotizon ne na sha, irin su dexaméthasone. Suna kumbura fuska, suna fito da ƙuraje, suna raunana jiki.

Abin da za a yi a gida

A wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da kuma bayan aikin gumi. A yi da hannu, da ruwa mai tsabta, da sabulu marar ƙarfi. Ban da soso, ban da sabulun wanki. Sabulun salo ma in yana sa fuska zafi ko tana ɗaurewa bayan wanka, a bar shi ga jiki.

Kada a matse. Wannan shi ne mafi wuya, kuma shi ne mafi amfani. Matsa tana tura mugunya cikin nama, ita ce take mai da ƙurjin kwana biyar tabon wata shida. Allura, da reza, da tsinke kuwa suna kawo wata cutar dabam. Ƙurjin da yake kan hanci ko leɓen sama ya fi haɗari, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Kada a shafa man goge baki, ko lemun tsami, ko toka, ko kanwa, ko tafarnuwa. Suna ƙona fata, kuma ƙuna a baƙar fata tabo ce.

A kula da mai. Man kaɗe da muke da shi da yawa a Borgou da Donga yana da kyau ga ƙafa da hannu da jiki, musamman da hunturu. Amma fuskar da take fitar da mai da kanta ba ta bukatar ƙari. Basilin da man kitso masu nauyi sukan gangaro goshi su toshe ramuka, shi ya sa wasu 'yan mata ƙurajensu a bakin gashi suke. A rage mai wajen kitso, a goge goshi bayan an gama. A wanke hoda kafin a kwanta.

A riƙa wanke abin da yake taɓa fuska: ɗankwali, hijabi, rigar matashin kai, tawul. Saurayi mai hawa babur ya sa ƙyalle mai tsabta cikin hular kwano, ya riƙa canza shi, musamman da bazara. Ya ci gaba da sa hular, kai ya fi fuska.

Rana tana ƙara wa tabo baƙi. Malafa a gona da inuwa a wurin talla suna taimakawa. Baƙin tabo marar rami yakan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa shekara, in dai sababbin ƙuraje sun daina fitowa.

Maganin da yake aiki

In an yi wata biyu ana bin waɗannan kuma ƙuraje suna nan, ku kawo yaron asibiti, ko ku je kantin magani mai lasisi. Ga waɗanda aka fi amfani da su, don ku gane su in an rubuta muku.

Na farko shi ne benzoyil. A kwali an rubuta peroxyde de benzoyle. Yana kashe ƙwayar cutar, yana buɗe ramuka. Mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari ya isa, wanda ya fi haka zafi kawai yake ƙarawa. Yana cinye launin tufafi, don haka a yi amfani da tsohon zane a matashin kai, a wanke hannu bayan an shafa.

Na biyu adafalen, a kwali adapalène. Yana hana ramuka toshewa, yana kuma taimaka wa tabo ya dushe. Da dare ake shafa shi. Mai ciki, ko wadda take zaton tana da ciki, ba ta amfani da shi.

Yadda ake shafa su yana da muhimmanci kamar maganin kansa. A wanke fuska, a bari ta bushe sarai. A ɗebi kamar ƙwayar wake ɗaya, a shafa siriri a duk wurin da ƙuraje suke fitowa, ba a kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba. A kauce wa ido da leɓe da gefen hanci. A mako biyu na farko a shafa dare ɗaya a tsallake ɗaya. Fata za ta ɗan bushe, ta ɗan yi saɓa, wani lokaci ma ƙurajen su ɗan ƙaru kafin su ragu. Wannan ba alamar magani ya ƙi ba ne. In zafin ya yi yawa, a huta kwana biyu a sake somawa. In fuska ta kumbura, a daina a dawo asibiti.

In ƙurajen suna da yawa kuma masu kumburi ne, likita yana iya ƙara ƙwayar sha, kamar doksisikilin, na wajen wata uku, tare da na shafawa. A sha da ruwa kofi cike, kada a kwanta nan da nan, a kuma rage zama cikin rana. Ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara. Kada ku sayi kafso a kan tire ku fasa ku barbaɗa a fuska, ko yaro ya riƙa sha yau ya bari gobe. Haka ne yake sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, ranar da babban ciwo ya zo a rasa abin ba shi.

Akwai kuma magani mai ƙarfi ƙwarai don ƙuraje masu tsanani, isotrétinoïne. Likitan fata kaɗai ne yake ba da shi, yana bin mai shan a kai a kai, domin in mace ta ɗauki ciki tana shan sa, yana nakasa jariri. Kada a taɓa karɓar sa daga hannun ƙawa.

Yanzu ga maganar haƙuri. Waɗannan magunguna ba sa nuna aiki sai bayan mako 6 zuwa 8, kuma ba a yanke musu hukunci sai an cika mako 12. Mai kasuwa yana alkawarin kwana uku, mu muna cewa wata uku. Mun san wanne ya fi daɗin ji. Yaro shi kaɗai zai gaji a mako na biyu. Ke uwa, ki rubuta ranar da aka soma a jikin kalanda. Kai uba, in akwai waya mai hoto, ka ɗauki fuskar a ranar farko, ka sake ɗauka kowane wata, ku duba tare. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da wasu za su ce

Wani uba zai ce, "Mu ma mun yi, ba wanda ya kai mu asibiti, ga mu nan." Akwai gaskiya a ciki. Ƙuraje 'yan kaɗan ba sa bukatar komai sai wanka da barin matsa. Amma a zamaninku ba a jera kotizon a kowace kasuwa ba, ba kuma waya a hannun kowane yaro tana nuna masa fuskokin da aka goge da na'ura. In ba ku nema masa magani ba, shi zai nema, kuma kun ji inda zai je. Sa'an nan ƙuraje suna wucewa, amma ramin da suka bari a kumatu ba ya cikewa.

Wata uwa za ta ce, "Maganin kanti da tsada, na kasuwa da araha." Ki lissafa. Bututun benzoyil ɗaya, in ana ɗiban ƙwayar wake, yana kai makonni. Na kasuwa kuwa ba a gama sayensa, domin fata ba ta yarda a daina. Ki haɗa kuɗin shekara biyu, ki ƙara da kuɗin jinyar abin da ya ɓata. In kuɗi ya yi wuya, ki faɗa wa likita ko ma'aikacin jinya kai tsaye, ya zaɓa miki guda ɗaya mafi sauƙi. Wannan ba abin kunya ba ne.

Wani kuma zai ce, "Ciwon da ba ya kwantar da mutum, ciwo ne?" Ku dubi shekarun da yake zuwa. Lokacin jarrabawar BEPC ne da BAC, lokacin koyon ɗinki da kitso da kanikanci, lokacin da yaro yake koyon tsayawa gaban mutane. Mun ga waɗanda suka daina zuwa makaranta, suka daina fita taro, suka rufe fuska suka shige ɗaki saboda ƙuraje. Ciwon zuciya ne, kuma na gaske ne.

Ku kawo shi asibiti ba da jinkiri ba

In ƙurajen manya ne, masu zurfi da zafi kamar maruru.

In sun soma barin rami, ko tabo mai tudu a ƙirji, da kafaɗa, da muƙamuƙi, ko ƙeya bayan aski.

In ya daɗe yana shafa man kasuwa. Ku zo da bututun ko robar. Kada ku yi masa faɗa, kada kuma ku ƙwace ku jefar rana ɗaya, domin wanda ya daɗe a kan kotizon a hankali ake janye shi.

In yarinya ce, kuma al'adarta tana tsallake watanni, ko gashi yana fito mata a haɓa.

In ƙurajen sun fito wa yaron da bai kai shekara 8 ba.

In sun fito bayan an soma maganin tarin fuka ko na farfaɗiya. Kada a daina shan maganin, a zo a faɗa.

In sun fito farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko ƙaiƙayi mai hana barci, ko suna ɗurar ruwa. Wannan wata cuta ce dabam.

In yaro ya daina cin abinci, ya daina magana, ko ya ce ya gaji da rayuwa. A wannan kada a kwana.

Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba. A Parakou akwai sashen cututtukan fata a babban asibitin CHUD na Borgou da Alibori. Mutanen Djougou da kewaye suna da asibitin Ordre de Malte.

Kalmar da ake faɗa a gida

Ku masu wa'azi, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa, da masu koyar da sana'a, yaran nan suna hannunku kullum. In kun ji ana yi wa wani laƙabi da fuskarsa, ku tsawata. Ku kuma daina yabon hasken fata a gaban 'yan mata kamar shi ne kyau, domin suna ji, kuma kasuwa tana jiran su.

Ku iyaye, yau da dare bayan an ci abinci, ku kira yaron gefe inda ƙannensa ba sa ji. Ku ce masa ba laifinsa ba ne. In kun yi irinsu da ƙuruciya, ku faɗa masa. Ku tambaye shi a hankali me yake shafawa, ku ce ya kawo ku gani. Ku karanta kwalin tare, ko ku kai wa wanda ya iya karatu. In kun ga ɗaya daga cikin sunayen da muka ambata, ku sa shi a jaka, ku sa ranar zuwa asibiti, ku raka shi da ƙafarku.